Lemar Injiniya Ta Tafi da Layi Biyu

Shekara talatin da ɗaya mutumin nan ya yi a gidan waya yana dangwala hatimi a kan ambulan, amma da ya yi ritaya sai ya dawo unguwa a matsayin Injiniya. Ba wanda ya ba shi sunan. Shi ya raɗa wa kansa, 'yan unguwa kuma suka kama don sun samu abin dariya kyauta. Rediyo uku ya kwance a gidansa da sunan gyara, har yau ba wadda ta sake cewa uffan. Matarsa, wadda kowa ke kira Maman Nas, ta daɗe da daina gardama da shi. Da ta ga ya ɗauko sukudireba, sai ta lallaɓa ta ɓoye abin da ta fi so.

Ana nan sai babbar 'yarsu, Nas, wadda ke aikin jinya a ƙasar waje, ta aiko musu da tikitin hutu: kwana goma a cikin wani katafaren jirgin ruwa na yawon buɗe ido, su ci, su sha, su miƙe ƙafa. Maman Nas ta yi murna, amma murnar rabi ce. Autarsu na ɗauke da cikin fari, likita ya ce saura sati uku.

"Mama, in abin ya taso ba kya nan fa?" in ji Auta, tana riƙe da hannunta.

"Ko ina tsakiyar teku, kina kira zan ɗauka," in ji Maman Nas. "Ki sa wayar a kunnenki, ni zan yi ta yi miki magana har Allah ya sauke ki lafiya. Na yi miki alkawari."

Injiniya yana daga kan kujerarsa ya ajiye kofin shayi. "Wai maganar kira ake yi, ina zaune a gidan? Ku bar wannan a hannuna."

Maman Nas ta harare shi. Duk abin da aka taɓa bari a hannun mutumin nan, ta san inda ya ƙare.

Da yamma ya tara mutane a benci, ƙofar shagon Tela, wanda ke manne da gidansu. Ga Tela da tef ɗin awo a wuya, ga Mai Aski, ga Ticha wanda ke koyar da Turanci a sakandaren bayan layi. Maman Nas na jin komai ta tagar kicin.

"Shirina mataki uku ne," in ji Injiniya, yana ɗaga yatsu. "Na ɗaya, zan haɗa layina da na Maman yara a waya guda. Layi biyu in suka haɗu, ƙarfin ya ninka."

"A wane littafin ka karanta haka?" Ticha ya tambaya.

"Littafi kuma? Mu muke yi, ku ku karanta. Na biyu, na ƙera wata na'ura mai janyo sabis daga nesa. Sirri ce, ba zan buɗe ta ba sai a teku. Kullum ƙarfe huɗu zan kira ku ta bidiyo, ku ga abin da ba ku taɓa gani ba."

"Allah ya sa ba ita ce ta janyo wutar da ta cinye min injin aski ba," in ji Mai Aski.

"Injinka tsoho ne. Na uku kuma, wasiƙa. Ko duniya ta tashi, wasiƙa sai ta iso."

Ana gobe tafiya Nas ta kira. Shi ya ɗauka, don ya riga ya zare layin matarsa ya cusa a wayarsa, ya jefa tata wayar a durowa. Maman Nas ba ta ji abin da 'yar ke faɗa ba, amsarsa kawai ta ji.

"Kin shirya me? Ke, allura kika sani. Bar wa masu sadarwa sadarwa." Ya kashe.

Abin da Nas ta so ta faɗa, sai bayan kwana bakwai aka ji ƙarshensa.

Jirgin ya fi unguwarsu girma, bene kan bene. Ɗakinsu ɗan ƙarami ne mai tsabta: gado biyu, tebur, taga mai zagaye, da wani farin tarho a gefen gado. Maman Nas ba ta gama cire takalmi ba, Injiniya ya durƙusa ya zare igiyar tarhon daga bango, ya cire ta daga jikinsa, ya naɗe a hannu.

"Baban Nas, kayan mutane ne fa."

"Wannan na kiran mai kawo shayi ne, ba inda yake zuwa. Igiyar ce mai amfani, jan ƙarfe ne zalla a ciki."

Ya buɗe akwati ya fito da sirrin. Lemarsa ce baƙa, ta zuwa kasuwa in hadari ya haɗo. Ya nannaɗe ƙarafunanta da igiyar tarhon, ya ɗaura hangar rataye riga a ƙoƙuwa, ya manne wayar a jikin hangar da salatif. Daga nan ya ɗauko ɗan katin nan da ake rataya a ƙofa in ba a son a shigo, ya rataye.

"Kada ki kuskura ki cire. Masu sharar nan idonsu a buɗe yake, yanzu su sace min fasaha su kai wa masu jirgin."

"Su sace lema?"

"Ke lema kike gani."

Jirgi na barin gaɓa, sabis ya ɗauke ɗif. Washegari ƙarfe huɗu saura kwata Injiniya ya hau bene na sama inda mutane ke kwance bakin wurin wanka, ya buɗe lema, ya kifa ta ta fuskanci sama, ya shiga zagaye da ita a hankali, ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Mutane suka tashi zaune. Wasu suka zaro wayoyi suna ɗaukarsa. Wata tsohuwa mai jar hula ta yi dariya har da buga cinya.

"Kin gani?" ya ce wa matarsa. "Sun gane abin da suke kallo. Nan ba unguwarmu ba ce."

Maman Nas ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta koma can gefe kamar ba tare suka zo ba.

Sai ga jirgin ya gitta kusa da wani tsibiri, wayar ta yi tsuwwa, sanda ɗaya tal ta sabis ta bayyana. Ko ba lema da ta bayyana, amma wa zai gaya masa? Ya kurma ihu. Maman Nas ta taso da sauri.

"Kira min Auta! Maza kafin ya gudu!"

"Haba, ai sai an yi gwaji tukuna. Ba a ɗora muhimmin kira a kan na'urar da ba a gwada ba."

Ya kira Tela. Da yake wayar na can saman lema a manne, sai da ya ɗaga kai yana magana da ita daga ƙasa.

"Tela! Kuna ganin teku?"

"Wane teku?" muryar Tela ta fito a tsinke. "Injiniya, cikin hancinka muke gani."

"Ka ce masa ya zo in rage masa gashin," Mai Aski ya jefo daga baya, aka kwashe da dariya.

Tsibirin ya wuce, sandar ta wuce da shi. Maman Nas ta tsaya tana kallon mijinta cike da takaici. Sabis ɗin da za ta ji muryar 'yarta da shi, an ƙarar da shi a kan hanci.

A rana ta uku ya gano wai matsalar tsayi ce. Ya hango wani tsani da aka gitta wa sarƙa, ya tsallake sarƙar, ya fara hawa da lema a hannu zuwa inda manyan eriyoyin jirgin suke. Bai kai rabi ba ƙarti biyu masu farin kaya suka sauko da shi, ɗaya ta hannu, ɗaya ta bel ɗin wando. Suka shigar da shi wani ofis, aka yi masa faɗan da har a waje Maman Nas na jin tashinsa. Da ya fito, yana gyara wuyan riga, sai cewa ya yi:

"Shawara suka nema. Eriyarsu na da ɗan karkata."

"Shi ya sa suka ɗauko ka ta wando?"

"Haka suke girmama baƙo. Ke ba ki san tsarin jirgi ba."

A rana ta huɗu iska ta ɗan taso. Ba wata iska ba ce, hulunan mutane ma na kansu. Amma lema buɗaɗɗiya aka miƙa mata. Injiniya ya jingina da ƙarfen gefen jirgi, ya miƙa hannu iya tsawonsa wajen teku, wai daga can sabis ke tahowa. Iskar ta cika lemar, ta fizge. Ya kai ɗaya hannun zai cafko, ya doke tabaraunsa. Lema ta yi sama, ta yi juyi biyu kamar mai ban kwana, ta sauka a kan ruwa a hankali da hanga da waya da layi biyu. Tabarau ya riga ta isa.

Mutanen bakin wurin wanka suka tafa. Tsohuwar nan mai jar hula har da fito.

Maman Nas ba ta tafa ba. Ta riƙe ƙarfen tana kallon baƙin ɗigon yana nisa, tana jin kamar 'yarta ce ke nisa. Duk wata lamba da ta mallaka a duniya tana cikin layin nan.

"Kwantar da hankalinki," in ji Injiniya, yana lalubar hanya. "Lambobin duk suna kaina. Shekara talatin da ɗaya ina aiki da lamba."

Washegari, rana ta biyar, jirgin ya tsaya a wata tasha. Suka sauka, suka sami wani ɗan shago da ake buga waya. Injiniya ya zauna, ya lumshe ido, ya danna lamba da ƙarfin hali. Ta farko ta tsohon ofishinsa ce, wanda aka yanke wa layi tun kafin ya yi ritaya. Ta biyu ba ta ma cika ba. Ta uku ta shiga, har Maman Nas ta miƙo hannu.

"Auta?"

"Wace Auta?" wata ƙatuwar murya ta amsa da Hausa. "Nan wajen gyaran taya ne."

"Ba ni mijinta to."

"Malam, in tayarka ta yi faci ka kawo. In kanka ne ya yi faci, ba ma yin wannan."

Injiniya ya ajiye ya ce layukan ƙasar nan a harɗe suke. Maman Nas ta juya ta nufi jirgi, ba ta jira shi ba.

Da suka buɗe ɗaki suka tarar an turo wata 'yar takarda ta ƙarƙashin ƙofa, da ƙananan rubutun Turanci. Maman Nas ba ta karanta Turanci, sai ta miƙa masa. Ya kai ta kusa da hanci, ya miƙa ta can nesa, ya karkata ta wajen taga. Ba tabarau, ba abin da yake gani sai layuka masu rawa. Amma ya ce bai gani ba? Injiniya?

"Talla ce. Wai akwai kiɗa da rawa a bene na tara."

"Ka tabbata?"

"Ni za ki tambaya ko na tabbata? Amma takardar mai kyau ce, bayanta fari tas. Ta yi daidai da mataki na uku."

Kafin yamma wata ta shigo, ita kuma wai tallar sabulu ce. Washegari uku suka shigo. Ya tattara su duka biyar, ya kife su a tebur, ya zauna yana rubutu a bayansu da manya-manyan haruffa irin na mai lalube, yana murmushi shi kaɗai. Maman Nas kuwa ta daina cin abincin kirki. Ana ta jera kaya kala-kala a dogayen tebura, ita dai shayi take kurɓa ta koma bakin taga.

Ranar bakwai da safe jirgin ya sake tsayawa, Injiniya ya sa wasiƙunsa a ambulan ya sauka neman gidan waya. Maman Nas ta dubi ɗakin: tawul a jiƙe, kofuna a tare, guntayen salatif ko'ina. Lemar da ake ɓoyewa ma tana ƙasan teku. Ta buɗe ƙofa ta cire katin.

Ba a jima ba mai shara ta shigo, wata mata gajera mai fara'a. Ba sa jin yaren juna. Matar ta gyara gado, ta zo goge tebur, ta ɗaga tarhon, sai ta ga ba igiya. Ta dubi Maman Nas, Maman Nas ta sunkuyar da kai. Matar ta girgiza kai, ta fita, ta dawo da sabuwar igiya, ta jona. Minti biyu aikin ya ɗauke ta. Ba ta gama canza tawul ba tarhon ya ɗauki ƙara.

Maman Nas ta ɗauka.

"Mama! Ina kuka shiga?" Muryar Nas ce, da kuka a ciki. "Kwana uku ina buga wannan tarhon! Ai na shirya da masu jirgin, ta nan za mu riƙa samunku, shi na so in gaya wa Baba ya kashe min waya. Mama, Auta ta haihu tun shekaranjiya. Abin ya zo da gardama, sai da aka yi mata aiki. Namiji ne, suna lafiya yanzu. Sau goma sha huɗu ta kira layinki kafin a shiga da ita. Tana ta cewa, Mama ta ce za ta ɗauka."

Maman Nas ta zauna a bakin gado.

"Har saƙo na bari sau biyar," Nas ta ci gaba, "suka ce sun kai ɗakinku."

Daidai nan Injiniya ya shigo. Ya ga tarho a kunnen matarsa, ya ga sabuwar igiya, ya ga mai shara na harararsa. Ya yi wuf ya karɓe, Nas ta maimaita masa maganar saƙon.

"Nas, ba wani saƙo da aka kawo mana, sai talla. Guguwa aka yi, 'yata, guguwar da ba a taɓa gani ba. Duk sadarwar jirgin ta mutu. Yanzun nan na samu na tayar da ita."

Yana faɗa yana kallon matarsa da idon roƙo. Shekara talatin da biyar tana rufa wa mutumin nan asiri, bakinta ya saba. Da ya mayar mata da tarhon, Nas ta haɗa ta da Auta a asibiti, sai ta ji kanta tana cewa, "Sabis ne ya ɗauke, Auta."

"Ba komai, Mama," in ji Auta, murya a sanyaye.

Suka dawo gida. Kafin sati guguwar nan ta girma a bakin Injiniya. Ranar farko igiyar ruwa ta kai tsayin bene biyu, ranar Laraba ta kai bakwai. Kyaftin da kansa ya zo ya ƙwanƙwasa masa ƙofa yana hawaye. Lemar kuwa, ai sadaukar da ita ya yi don ya ceci rayuka dubu uku. Tela na ɗinki yana cewa "Allah sarki," Mai Aski na tambayar ko kifayen sun samu sabis yanzu.

Maman Nas ba ta cikin masu dariya. Kullum sai ta je gidan Auta, ta yi wanki, ta goya jariri, amma tsakaninsu ba kamar da ba. Auta za ta gaishe ta da ladabi, ta ce sannu da aiki, ta juya fuska bango. Nas ta bincika ta gaya wa ƙanwarta cewa ba wata guguwa da aka yi a makon nan. Auta ba ta tambayi uwarta ba, uwar kuma ba ta da bakin farawa.

Sati uku da dawowarsu, wata Asabar da yamma, Auta da mijinta suka kawo jaririn gidan kakanni. Maƙwabta suka fito ganinsa, aka cika bencin Tela har da ƙarin kujeru. Injiniya na tsakiya, da sabon tabarau, guguwa ta kai bene tara. Sai ga mai raba wasiƙu a kan babur, wanda ya taɓa aiki a ƙarƙashinsa.

"Ranka ya daɗe, saƙo daga ƙasar waje. Guda biyar, duk na unguwar nan."

Injiniya ya miƙe tsaye, ƙirji a gaba. "Jama'a, mataki na uku ya iso! Me na gaya muku? Ticha, kai ne mai murya, karanta kowa ya ji yadda ake rubutu."

Da yana da wayo ko na sisi, da ya tuna abin da ya rubuta. Amma daɗin ganin hatimi a kan ambulan ya rufe masa ido.

Ticha ya buɗe ta Tela, ya gyara murya. "Zuwa ga Tela. Yau kwananmu shida. Teku kwance yake lumui, ko motsi ba ya yi. Na'urata na aiki fiye da zato, har layi ake bi a ƙofar ɗakina."

"Dakata," in ji Mai Aski. "Kwana shida? Ba ranar ce ruwa ya kai bene tara ba?"

"Da safe na rubuta. Da rana guguwar ta zo."

Ticha ya buɗe ta Mai Aski. "Zuwa ga Mai Aski. Ina rubuto maka da yammacin rana ta shida. Har yanzu sararin sama garau yake."

Wani ya tuntsure daga kan benci. Injiniya ya fara miƙa hannu. "To, ya isa haka, sauran na iyali ne."

"A'a, Baba," in ji Auta. "Akwai tawa a ciki. Ticha, karanta min."

Ticha ya karanta. "Zuwa ga Autata. Kada ki damu da mu. Sabis a cike yake dare da rana saboda ƙoƙarin mahaifinki. Yanzu haka mahaifiyarki na can tana ta hira da ƙawayenta a waya tun safe, har na gaji da yi mata caji."

Dariyar ta tsaya cak. Auta ta juyo ta dubi uwarta, idonta ya kawo ruwa.

"Ashe akwai sabis, Mama. Da ƙawayenki kike hira."

Maman Nas ta waiga. Ta dubi mijinta ko zai ce wani abu. Shi kuwa ya duƙufa yana goge tabarau da gefen riga.

Ticha, da yake mutum ne da ba ya ganin rubutu ya ƙyale, ya juya bayan takardar. Ya ɗaga gira. Ya juya ta Tela, ya juya ta Mai Aski, ya jera su biyar a cinya.

"Injiniya, a bayan me ka yi rubutun nan?"

"Takardun talla ne. Rawa da sabulu."

"To bari in fassara muku tallar." Ya ɗaga ta farko. "Saƙon gaggawa zuwa ɗaki mai lamba kaza. 'Yarku tana asibiti, naƙuda ta fara. Tarhon ɗakinku ba ya shiga. Ku zo teburin karɓar baƙi, za mu haɗa ku nan take." Ya ɗaga ta biyu. "Za a shiga da ita tiyata. Tana neman mahaifiyarta." Ya ɗaga ta Auta. "Wannan kuma cewa ta yi, an haihu, namiji, don Allah ku kira."

Maman Nas ta miƙe. Maganar igiya ta sani, ta haɗiye. Wannan kuwa sai yau ta gane. Ita da hannunta ta tsinci takardar nan a ƙasa, ta miƙa masa, 'yarta na can tana kiran sunanta, ya ce mata rawa ake yi a bene na tara.

"Baban Nas," ta ce, muryarta ba ta ko rawa, "na tambaye ka ko ka tabbata."

"Ai rubutun ne ƙanana, kuma hasken ɗakin..."

"Rufe min baki. Yau ni ce mai jawabi."

Ta juya ga jama'a ta zazzage komai. Ta faɗi yadda ya zare igiyar tarhon mutane ya naɗa a lema. Ta faɗi sabis ɗin da aka ƙarar a kan hanci, Tela ya ce shi shaida ne. Ta faɗi yadda aka sauko da shi ta bel ɗin wando, da mai gyaran taya, da tabaran da ya riga lema shiga ruwa. Ta faɗi matar da ta gyara sadarwar jirgin gaba ɗaya da tsumma a kafaɗa, cikin minti biyu.

"Guguwa ɗaya ce a jirgin nan," ta ce, "kuma da ita na tafi daga gida, da ita na dawo."

Mai Aski ya riƙe ciki, hawaye na zuba. Mai raba wasiƙu ya kifa kai a kan babur, kafaɗunsa na rawa. Mijin Auta, da yake suruki ne, ya juya baya yana tari na ƙarya.

Injiniya ya dubi hagu ya dubi dama, ya ɗaga yatsa. "Amma dai ku yi adalci. Wasiƙu biyar na aiko, biyar suka iso. Ko ɗaya ba ta ɓata ba."

"Gaskiyarka," in ji Maman Nas. "Tunda ita ce hanyar da ka iya, daga yau in kana da magana da ni, ka rubuto. In ta iso nan da sati uku, zan duba ko talla ce."

Sai ta juya ga Auta, duk ƙarfin ya zube. "Na yi miki ƙarya a waya, na ce sabis ne. Asirinsa na rufa, na bar ki da zargi. Ki yafe min. Wallahi ko loma ban iya haɗiyewa ba a jirgin nan."

Auta ta goge ido. Ta miƙa wa mijinta jaririn, ta zaro wayarta daga jaka, ta damƙa a hannun uwarta. "Riƙe wannan, taki ce daga yau." Ta karɓi ta mijin, ta ja da baya taku biyu, ta danna.

Wayar ta yi ƙara a hannun Maman Nas. Ba ta bari ta yi ta biyu ba.

"Na ɗauka, Auta. Ga ni."

"Mama," in ji Auta a cikin wayar, hawaye na bin kumatunta, "na ji tsoro ranar nan."

"Na sani, 'yata. Faɗa min duka, ina jin ki."

Suna tsaye taku biyu tsakani, kowacce da waya a kunne, ba wanda ya yi dariya. Injiniya ya yi shiru na kusan minti guda, abin da unguwar ba ta taɓa gani ba. Sannan ya matso a hankali, ya leƙa fuskar wayar ta saman kafaɗar matarsa.

"Sanda uku kawai take nunawa. Da za ki ɗan ɗaga ta sama..."

Maman Nas ta mayar da wayar ɗaya kunnen, ta ba shi baya. Tela kuwa ya miƙa hannu ya jawo lemarsa da ke jingine a bakin ƙofa, ya tura ta ƙarƙashin keken ɗinki, ya ɗora ƙafa a kai.